Sunan da Ya Ƙi Fita Bakin Lailatu

Ranar da Lailatu ta yi tuntuɓe a tele, mu goma sha ɗaya ne zaune a rumfar gidana muna kallo, har da Zara mai ƙosai da ta baro kasko bisa wuta. Labarun ƙarfe ɗaya na rana ne, na Hausa, waɗanda ta shekara tara tana karantawa daga Yamai, ko tari ba ta taɓa yi ba. Ɗiyar ƙanena ce, ni na riƙe ta tun yaye, ni na riƙa kora ta makarantar lekol da tsumagiya. Saboda haka in ta fito cikin akwatin nan da ɗaurin kallabinta kamar hasumiya, ni ake yi wa barka.

Ba daga sama ta faɗo kujerar ba. A rediyon garinmu ta fara, tana karanta cigiyar awaki da sanarwar rasuwa. Ta yi babbar makarantar lise a Maradi, ta wuce Yamai, aka riƙa aika ta duk inda ruwa ya ci gari ko fari suka sauka, tana tsaye cikin taɓo da makirfo a hannu. Sai da ƙafarta ta san ƙasar nan kaf sannan suka ce ta zauna.

To ranar, ta gama na ministoci, ta zo kan taron makiyaya. Ta ce, "An zaɓi sabon shugaban ƙungiyar makiyaya ta yankin Dakoro, wato Alhaji..." Sai ta tsaya. Muka ga idonta ya sauka bisa takarda, ya tashi, ya sake sauka. Ta ce, "Alhaji... Baba."

Sau uku sunan yake cikin takardar, sau uku ta ce Baba.

Wanda aka zaɓa uban mijinta ne, uban Kamilu. A wajenmu mace ba ta kama sunan surukinta ko tana ɗaki ita kaɗai, balle gaban ƙasa duka. Ni ma ba za ku same shi daga gare ni ba, ko a rubuce, don sunan marigayi maigidana ne, kuma shekara arba'in da ɗoriya ban furta shi ba. Mu ce mashi Alhaji Mai Raƙuma, yadda ake kiran shi a kasuwar bisashe.

Zara ta rangaɗa guɗa. Kafin la'asar gidana ya cika da ƴan barka, kowa na cewa, "Uwale, kin yi tarbiyya!" Alhaji ya sa aka ɗaure balami bisa motar kasuwa aka kai wa Lailatu har Yamai. Can kuwa dariya ake yi. Wasu ƴan banza suka yanko wurin, suka sa mashi kiɗa, ya shiga wayoyi: Baba, Baba, Baba. Shef ɗinsu, wato babbansu a wurin aiki, wani Mushe Badaru, ya kira ta biro, ɗakin aikinshi, ya ce an ƙara mata girma: wakiliya ta musamman a Dakoro, tun da ta san mutanen wurin har tana ce masu baba. Wata shida kawai, in ji shi, kafin ƙura ta lafa. Kujerarta aka ba wata ƴar siririya mai suna Amatullah.

Wata shidan nan shi ne ya zama shekara biyu.

Kamilu yana Yamai wajen aikinshi na likitan bisashe, kullum a waya, "Ki ƙara haƙuri." Matar aure kuma ba ta sauka gidan gwaggonta alhali gidan miji na nan. Saboda haka a gidan Alhaji ta zauna, cikin ɗakin da aka yi mata jere tana amarya. Kafin ta fita aiki sai ta durƙusa ƙofar surukarta, ta durƙusa a zaure gaban Alhaji, ta faɗi inda za ta da lokacin dawowa. Matar da gwamnoni ke jira ta gama shafa hoda! Abin da take aikawa kuwa: rigakafin shanu a Tagriss, an yashe rijiya a Bader Goula, an raba irin wake. Sai an gama labarin ƙwallo a saka nata, kafin ka kurɓi fura sau biyu ya wuce.

Ni ina iya ƙoƙarina. Kowace safiya in ta biyo ta gidana, ina da kaya a ƙulle: wa ya saki matarshi ta waya, wa aka gani da jakar magani ƙofar boka, limamin wace unguwa ya yi rinin gemu.

Ta ce, "Gwaggo, wanga ba labari ba ne, gulma ce."

Na ce, "Ina bambancin? Ku dai an ba ku kujera da fanka."

"An karɓe kujerar ai."

Sai in tura mata kwanon fura.

Cikin daminar bana, ran wata Litinin, tana gidana tana taya ni gyaran shinkafa, ina tsinta tana wankewa, waya ta yi ƙara. Hannunta da ruwa, sai ta buɗe muryar kowa ya ji. Mushe Badaru ne. Ni kuma na duƙufa bisa faifai kamar kurma.

Ya ce, "Madam, za a ƙara jurnal na biyu na labarun Hausa, muna neman wadda za ta zauna. Sunanki ya fito a taro. Wasu sun yi dariya, ni ban yi ba. Na ji an ce an nome burtali a arewacinku, shanu sun kwana da kwanaki tsaye."

Ta ce, "Haka ne."

"Kin san mai gonar?"

Ta dube ni, na dubi shinkafa. Wa bai sani ba a Dakoro? Burtali hanyar shanu ce da aka bari tsakanin gonaki, an kafa mata turakun siminti dama da hagu, don makiyaya su haura arewa da damina ba su taɓa shukar kowa ba. Wanda ya shuka gero cikinta, daga turke zuwa turke, shi ne shugaban makiyaya da kanshi.

Ta ce, "Ana ce mashi Mai Raƙuma."

"Mai Raƙuma nawa ne tsakanin Dakoro da Tawa? Sunan da ke bisa kartin shaidarshi nike so."

"Sai in rubuta a ƙasan hoto."

"Rabin masu kallonmu ba su karatu, kin fi ni sani. Kuma ni ba rubutunki ake tambaya ta ba, bakinki ake tambaya ta. Mai karanta labaru ba ta zaɓen sunan da za ta faɗa. Ki aiko kafin Juma'a, in ji shi da muryarki, kujera taki ce. In ba haka ba, ni kaina ban san abin da zan ce masu ba."

Ya kashe. Ta zauna da hannu cikin ruwan shinkafa har yatsunta suka yi yaushi.

Na ce, "Ke, abin faɗa ne? Ki sa wani ya faɗa gaban kamara, ki ce kin ji kin gani. In aikin ya yi kyau, wa zai tsaya lissafin bakin da ya fito?"

Ta ce ba haka shef ya ce ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa mashi kamawa yake.

Talata da hantsi muka tafi. Na ce zan je neman tafasa ne, ta san ƙarya nike, ta ƙyale ni. Samba mai kamara ya kai mu cikin tsohuwar motarshi. Dattijo ne mai furfura, in babu aikin tele bukukuwa yake ɗauka. Muka iske abin ya fi yadda ake faɗi. Gero ya kai gwiwa, kore shar, ya toshe hanya kamar an ja labule. A bakinshi shanu sun fi ɗari uku cunkushe wuri guda, sun cinye ciyawa har ƙasa ta fito, ƙashin haƙarƙarinsu ana ƙirgawa. Dama gona, hagu gona, baya ma an shuke tun da suka wuce.

Babbansu wani Bafillace ne, Jimrau, dogo, da sanda bisa kafaɗa. Samba ya kafa kamara ya ce mashi, "Faɗi sunanka da aikinka, in ji ko murya na shiga." Ya faɗa. Lailatu ta yi ta tambaya, yana ba ta amsa tiryan-tiryan: kwana tara suna nan, Azagor za su can arewa, maruƙa biyu sun mutu, in suka ratsa gonar wani sai jandarma.

Ta ce, "Gonar wa ce wagga?"

Ya gyara sanda. "Ta babba ce."

"Wane babba?"

"Madam, ai gidanku ɗaya."

"Masu kallo ba su sani ba, Malam Jimrau. Ka faɗa masu sunanshi."

Ya yi murmushi ya nuna wata jar saniya da baki. "Kin ga waccan? Habbanaye ce, shi ya ba ni ita shekarar da nawa suka ƙare, in riƙe har ta haihu uku sannan in maida. Nononta ɗiyana ke sha. Bakin da ya sha nonon mutum ba ya kiran sunanshi a bainar jama'a. Ki tambaye ni wani abu."

Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Wanga ya ce kawunshi ne ta wajen uwa, wancan ya ja rawani ya rufe har hanci ya ce ba ya jin Hausa, alhali da Hausa ya gaishe mu. Rana ta take. Sai na ga ta juyo wajena da makirfo, idonta ja.

"Gwaggo, ke da ba ki bar kowa ba a garin nan, daga prefe har mai gyaran takalmi. Ke ki faɗa."

Na dafe ƙirji. "Ni? Sunan wa? Ke Lailatu, zafin rana ne ya taɓa ki?"

Sai ta tuna sunan maigidana ne shi ma. Ta saki makirfo, ta zauna daɓas cikin rairayi da tsadadden leshinta, ta yi ta dariya har hawaye na bin kumatunta. Fulani suka kau da kai. Ba dariyar daɗi ba ce.

Laraba ta zo gidana da azahar ta ce in ba ta aron ɗaki. Ta rubuta sunan a takarda da manyan baƙaƙe, ta rarraba shi gaɓa-gaɓa kamar ƴar aji ɗaya, ta jingina a madubi. Ni na fito tsakar gida na kunna rediyo da ƙarfi, kada kunnena ya kwashi abin da ya fi ƙarfinshi. Da na ga ta daɗe ba ta fito ba na leƙa.

"An samu?"

Ta ce, "Gwaggo, na faɗi sunayen Sinawa a tele. Na faɗi na Rashawa masu baƙi goma ba wasali. Wanga gaɓa uku ne. In na buɗe baki sai in gan shi zaune a zaure yana ce mani sannu ɗiyata, sai harshena ya zama dutsen niƙa."

"To ki rufe ido."

"In na rufe, ke nike gani da tsumagiya."

Wannan ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Ni na koya mata. Na kuma koya mata da kyau.

Ina kwance ina juyi bayan la'asar sai maganar Samba ta faɗo mani: faɗi sunanka da aikinka. Ashe kowa aka kafa wa kamara, da bakinshi yake fara tona kanshi! Na yafa gyale ban gaya wa kowa ba.

Ni da Alhaji taubasai ne, uwarshi da ubana ciki ɗaya. Tun muna tsirara nike yi mashi ƙarya yana yi mani, ba mai kai ƙara. Na iske shi a zaure ana zuba mashi shayi.

Ya ce, "A'a, tsohuwar kura! Wa ya mutu, ko wa za a kashe?"

Na ce, "Bawana, ba wajenka na zo ba, inuwa na biyo. Tausayinka dai nike ji. Tele a cikin gidanka take kwana, amma gobe gonar Hama za a ɗauka."

"Wane Hama?"

"Hama na bakin tasha. An ce daga Yamai ake son a nuna geron da ya fi kowane kyau a Dakoro bana."

Ya ajiye kofi. "Geron Hama? Wanda ko zakara ya shiga ana ganin ƙafarshi? Ke kin ga nawa na arewa?"

"Ina zan gan shi? An ce dai ƙasar ta sha taki."

"Shekara nawa shanu na bi ta wurin suna zuba mata! Ko hannu ka shuka sai ya tsiro." Ya ɗaga murya. "A kira mani matar yaron nan!" Kamilu ɗan fari ne, shi ma Alhaji ba ya kama sunanshi.

Lailatu ta fito ta durƙusa bakin ƙofa. Ya ce gobe da safe ta kawo mai kamara gonarshi ta arewa, ba ya son jin wata magana. Ta ce to. Da ta ɗago ta gan ni, ta gane hannuna ne. Ta raka ni har waje tana murmushi saboda idon mutane, tana magana ta cikin haƙora.

"Gwaggo, tarko kika ɗana mashi, kuma da hannuna."

"Shi ya kira ki, ko ni?"

"Ba zan yi mashi tambayar gero in je in lanƙwasa maganarshi a bayan idonshi ba. In na je, abin da ya kai ni zan tambaye shi, yana ji yana gani."

"To ki tambaya mana. Wa ya riƙe ki?"

"Sannan in dawo in kwana gidanshi."

Na gyara gyale na kama hanyar gida.

Alhamis Alhaji ya zo gona kamar mai zuwa Idi: babbar riga shuɗiya tana ƙara, rawani fari, turare har shanu na atishawa. Ya ratsa cikin gero ya zaɓi wurin da ya fi duhu, ya tsaya. Ya ga wani guntun siminti ya leƙo daga cikin shuka, daidai tsayin hannu, sai ya dafa shi don hoto ya yi kyau. Samba ya dube ni, na dubi sama.

Lailatu ta matso da makirfo, tana isa gabanshi ta durƙusa.

Samba ya ce, "Madam, ki miƙe, kanki ya fita daga hoto."

Ta yunƙura, ta kai rabi, gwiwa ta ƙi. Suruka ta tsaya ƙiƙam gaban surukinta, kafaɗa da kafaɗa? Ta koma ƙasa. Samba ya ja kamara baya har ya haɗa su duka: shi tsaye kamar rimi, ita tsugune cikin gero, kai sunkuye, hannu ɗaya miƙe sama da makirfo kamar mai miƙa ruwan alwala. Bayansu shanun Jimrau sun jeru suna kallo.

Samba ya ce, "Alhaji, faɗi sunanka da aikinka, in ji ko murya na shiga."

Na toshe kunnuwana da yatsu. Na ga bakinshi na motsi, ya daɗe yana motsi. Daga baya Samba ya ce mani har sunan kakanshi ya faɗa, da hajjinshi biyu, da shugabancin makiyaya. Da na cire yatsu yana cewa, "...kuma gonar nan tawa ce, daga nan har inda idonku ya tsaya."

Lailatu ta ce, murya ƙasa-ƙasa, amma irin ta tele, kowace kalma da ƙafarta, "Baba, abin da ka dafa, mene ne?"

Ya duba hannunshi. Ya ɗauke shi a hankali kamar ya dafa garwashi.

"Turken burtali ne, ko Baba?"

Har kukan maraƙi sai da ya shiga makirfo.

Ya ce, "Ƴan ƙwadago ne suka zarce da shuka. Kin san halinsu."

"Daga turken gabas har na yamma suka zarce, Baba?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige, ni da na haɗa abin. Makirfo na nan ƙarƙashin gemunshi, ba ta sauke ba.

"Yau kwana goma sha ɗaya shanun nan na tsaye, Baba. Maruƙa biyu sun mutu. Masu su sun ƙi faɗin mai gonar, sun ce shugabansu ne. Me za ka ce masu?"

Ya dube ta. Ya dubi kamara, ya ga jar fitilar na ci. Ya waiwaya ya ga Jimrau tsaye nesa ya sunkuyar da kai, wai shi ke jin kunya. Alhaji ɗan kasuwa ne, ya san lokacin da ciniki ya faɗi. Ya gyara hannun riga, ya buɗe murya yadda har Azagor za a ji.

"Jimrau! Me kuke jira? Wa ya ce maku don mutane na shuka wanga? Ku koro su su ci! Sadaka ce!"

Ba a sake faɗa ba. Shanu suka kwararo cikin gero kamar ruwan kwazazzabo, muka yi ta kanmu. Na yar da takalmi ɗaya, har yau ban gan shi ba. Alhaji ya tsaya gefe yana murmushi wa kamara, ana cinye mashi damina guda a gaban idonshi, jijiyar wuyanshi kamar igiyar guga.

Saura rufewa, inda wakili ke kallon kamara ya taƙaita. Samba ya ce, "Madam, yanzu ne fa. Ga shi can ya ba da baya. Sau ɗaya kawai."

Ta miƙe, ta kakkaɓe leshi, ta gyara kallabi. Na ga Lailatun da na sani ta dawo, ta akwati. Ta ce, "Burtalin arewacin Dakoro ya buɗe yau, bayan kwana goma sha ɗaya, da umarnin mai gonar, shugaban makiyaya, Alhaji..." Na kai yatsu kunne. Ban kai ga toshewa ba. Leɓenta ya buɗe, ya tsaya a buɗe. Can ta ce, "...wanda kuka ji sunanshi daga bakinshi."

Samba ya ce a sake. Aka sake sau huɗu. Na biyar ya naɗe wayoyinshi.

Juma'a da ƙarfe ɗaya rumfata ba ta ɗauki mutane ba, har bisa katanga. Da rahoton Lailatu aka buɗe labaru, kafin na ministoci, minti huɗu cur. Ita Amatullah da za ta gabatar, ta kira sunan Alhaji garau, kamar tana kiran akuyarta, sai da na yi a'uzubillahi. Lailatu tana ƙuryar ɗakina, waya bisa cinya. Ba a daɗe ba ta yi ƙara. Wannan karon ba ta buɗe murya ba, amma ɗakin ƙarami ne, kunnena kuma bai tsufa ba.

Mushe Badaru ne. Ya ce, "Madam, barka. Shekara biyu ba mu samu irin wanga daga cikin ƙasa ba. Direkta da kanshi ya kira ni."

Ta ce, "Na gode, Mushe."

"Sai dai ban ji shi a bakinki ba."

"Ya faɗa da kanshi."

"Ya faɗa. Dabara ce mai kyau, amma a kujera babu wanda zai zo ya faɗa maki. Ga kuma durƙuson nan, an fara yawo da shi a waya. In na zaunar da ke, gobe minista ya shigo, mutane za su jira su ga ko za ki sauka ƙasa." Ya yi ɗan tari. "Amma kada ki damu da aiki. An sabunta maki kwantarar aiki, shekara uku, nan Dakoro. Direkta ya ce babu wanda zai iya da mutanen nan sai ke."

Ta ce ta gode. Ta kife wayar. Na shigo da kwanon fura, na ce, "To ai ba a kore ki ba." Ta dube ni irin kallon da ba a yi wa gwaggo, na fita da kwanona.

Saura gida. Kwana biyu Alhaji bai amsa gaisuwarta ba. Ta durƙusa, ya dubi bango. Ta haɗa kayanta cikin akwati ta tura ƙarƙashin gado. Na lura ba kuka take ba. Har ta tambayi Samba ƙarfe nawa motar Maradi ke tashi. A raina na ce, yarinyar nan so take a kore ta. In an kore ta, ko babu kujera, Yamai za ta wajen mijinta, ta nemi wata tashar.

Rana ta uku ya aiko a kira ni, ya tara gidan a zaure. Fuskarshi kamar an yi mashi albishir. Ashe tun Juma'a waya ba ta huta ba: daga Tawa, daga Maradi, har wani ɗan'uwanshi daga Makka, kowa na yaba shugaban da ya ciyar da shanun talakawa da geronshi, da surukar da ta yi mashi tambaya a durƙushe ba ta kama sunanshi ba.

Ya nuna ni da carbi. "Ke, tsohuwar kura, na je na ga gonar Hama, ko kamara ba ta san hanyarta ba. Zan rama, ki jira."

Na ce, "Bawa ba ya rama wa uwargijiyarshi."

Ya juya ga Lailatu, tana tsugune bakin ƙofa. "Ɗiyata, kin ci mani gero, amma kin saya mani suna. Na yi magana da yaron nan. Na ce mashi irin wagga ɗiya ba a kai ta Yamai ta lalace. In yana son ganin ki, ya san hanya. Na ji kuma an ce wakilai na da ɗakin biro, ke kina aiki bisa gado. Wanga abin kunya ne gare ni."

Ya ɗaga hannu. Sai ga Mamani magini ya shigo da igiyar awo a wuya. Ashe tun safe an sauke bulo da yashi a jikin zaure, daga ciki, inda duk mai shiga da fita sai ya bi ta gaban shimfiɗar Alhaji.

Lailatu ta buɗe baki. Na ga maganar ta taso har maƙogwaro. Surukarta ta rangaɗa guɗa, matan gida suka kama, maganar ta nutse a ciki.

Mamani ya tsugunna kusa da ita ya ce, "Madam, taga fa, ta wane gefe? Titi ko tsakar gida?"

Alhaji ya ce, "Titi ƙura gare shi. Sa mata ta ciki."

Jiya na bi ta wurin. Gini ya kai kafaɗa. Tana zaune bisa bulo ɗaya da takarda a cinya, tana rubuta labarin rabon gishirin lasa na bisashe. Mamani ya ce in ruwa bai hana shi ba, kafin kaka zai yi rufi.